Martani: Yaron Akta Ba Cikon Benci Ba Ne

Wani ɗan'uwa marubuci ya yi rubutu kwanan baya a kan finafinan jarumta, inda ya yanke hukuncin cewa zamanin yaron jarumi ya wuce. Hujjojinsa uku ne. Ta farko, wai fuskar akta ake saye, ba a taɓa jin wanda ya cire kuɗinsa don ya kalli mai riƙe wa akta jaka ba. Ta biyu, wai su kansu Amurkawan da suka ƙirƙiro Batman da yaronsa Robin sun gane kurensu, sun ajiye yaron, fim ya fi kyau kuma ya fi kawo kuɗi. Ta uku, wai babu tarbiyya a nuna babban mutum yana jan ƙaramin yaro zuwa fagen da ake zubar da jini. Daga nan ya shawarci masu shirya finafinan Hausa da marubutan littattafan yaƙi su daina ɓata kuɗi da takarda a kan aboki ko bara ko almajirin jarumi, su tattara ƙarfinsu duka a kan mutum ɗaya.

Malam, na karanta rubutunka da natsuwa, kuma ban yarda ba. Hujjarka ta uku tana da nauyi, zan zo kanta. Amma biyun farko, tarihin abin da kake magana a kai shi da kansa ya rushe su. Shawararka kuwa in aka bi ta, za a cire wa labaranmu mutumin da ya fi kowa kama da masu kallonsu.

Mu fara da Amurka, tunda can ka kafa hujja. Batman ya fara fitowa a 1939 cikin mujallar labaran zane mai suna Detective Comics, shi kaɗai yake yawonsa cikin dare, ba abokin shawara. Bai cika shekara ba aka kawo masa Robin, a fitowa ta 38, ta watan Afrilun 1940. Bill Finger, wanda ke rubuta labarin, ya faɗi dalili daga baya: jarumin ba shi da wanda zai yi wa magana, kullum sai dai a nuna shi yana saƙe-saƙe a zuci, har abin ya gunduri shi kansa marubucin, ya ga ya kamata a samo masa irin abin da Dakta Watson yake a wajen Sherlock Holmes. Da yaron ya shigo, masu bin tarihin wannan sana'a sun ce cinikin mujallar ya kusan ninkawa. Sauran kamfanoni suka gani, kowa ya nemo wa jaruminsa yaro. Captain America da ya fito a 1941, tun fitowar farko yana tare da Bucky. Waɗannan mutane 'yan kasuwa ne, kwafi nawa aka sayar shi ne ma'auninsu. Kasuwar da ka ce ba ta son yaron jarumi, ita ce ta haife shi.

Na san abin da masu ra'ayi irin naka suke yawan kawowa: ai a 1988 masu karatu da kansu suka zaɓi a kashe Robin. Haka aka yi. Kamfanin DC ya ba da lambobin waya biyu, ɗaya ta a bar Jason Todd, wato Robin na biyu, da ransa, ɗaya ta a kashe shi. Masu cewa a kashe suka samu 5,343, masu cewa a bari suka samu 5,271. Tazarar ƙuri'a 72 ce kacal. Ka dubi adadin da kyau. Kira fiye da dubu goma aka yi, kowane kira da kuɗinsa, a kan makomar yaron da ka ce ba wanda ya damu da shi. Mutane ba sa rabuwa gida biyu a kan cikon benci. Kuma shekara na zagayowa, a 1989, kamfanin ya kawo sabon Robin mai suna Tim Drake, don sun ga labarin bai zauna daidai ba.

Sai batun finafinan Christopher Nolan, daga 2005 zuwa 2012, waɗanda ka jingina da su sosai. Gaskiya ne babu yaro mai jar riga a gefen Batman, kuma gaskiya ne na tsakiyarsu, The Dark Knight na 2008, ya kawo sama da dala biliyan ɗaya. To amma wa Batman yake faɗa wa damuwarsa a cikinsu? Alfred, tsohon baran gidansu, wanda ke ɗinke masa rauni yana yi masa faɗa. Wa ke haɗa masa kayan aiki, har ya ce zai ajiye aiki ranar da ya ga maigidan ya wuce gona da iri wajen leƙen asirin jama'a? Lucius Fox. Wa ke tsaye masa a cikin 'yan sanda? Gordon. Nolan ya cire rigar Robin ne kawai, aikin Robin kuwa ya raba wa mutum uku. Fim ɗin Batman & Robin na 1997 da ka kira shaida, ya faɗi ne don an rubuta shi da ganganci. Shekara biyu kafin shi an yi Batman Forever, da Robin ɗin nan dai, da ɗan wasan nan dai, ya shiga sahun finafinan da suka fi ciniki a Amurka a shekarar.

Ka kuma manta da inda yaran nan suke ƙarewa. Bucky da aka ɗauka ya mutu tun zamanin yaƙin duniya, an dawo da shi a 2005 da sunan Winter Soldier, a 2014 sunansa ya hau kan fim tare da na maigidansa. Sam Wilson, Falcon, wanda ya fito a 1969 yana rufa wa Captain America baya, shi ya gaji garkuwar, a 2025 aka yi fim shi ne akta. Da Chadwick Boseman, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin jarumi T'Challa, ya mutu a 2020, kamfanin Marvel bai nemo wani ya sa masa fuskar T'Challa ba, ƙanwarsa Shuri mai haɗa masa makamai ita ta ɗauki labarin a 2022, kuma fim ɗin ya kawo sama da dala miliyan 800. Da tun farko an bi shawararka an bar T'Challa shi kaɗai, da labarin ya bi ɗan wasan kabari. Ga kuma wanda kowane Bahaushe mai kallo ya sani: Bruce Lee. A shirin talabijin na The Green Hornet, 1966 zuwa 1967, direba ne kuma yaron akta, sunansa Kato. A Hong Kong da sunan Kato mutane suka riƙa kiran shirin, kuma farin jinin da ya samu a can shi ya buɗe masa ƙofar finafinan da iyayenmu suka yi ta cika silima dominsu. Yau wa zai iya faɗa maka sunan wanda ya fito a matsayin maigidan nasa ba tare da ya bincika ba?

Mu dawo gida, don ni abin da ya fi damuna ke nan. A Ƙofar Rini, nan cikin birnin Sakkwato, akwai shagunan da ake tura wa mutane finafinai a waya, kamar yadda suke a kowace unguwa. Mai shago na zaune gaban kwamfuta, wayoyi jere a kan tebur kowace da igiyarta, matasa na zaune a benci suna jiran a cika musu memori da fassarar Algaita. In kana son sanin abin da mai kallo ke saye, nan za ka zauna, ba gaban fosta ba. Na ji gardama a irin wannan benci a kan Baahubali, shekaru bayan fitowarsa, kuma ba a kan akta ake yin ta ba. A kan Kattappa ake yi, tsohon bawan gidan sarauta mai sanƙo da farin gemu, wanda ya reni jarumin, ya koya masa takobi, sannan ya soke shi ta baya bisa umarnin uwar sarki. Wani saurayi, hannunsa duk baƙin mai, da gani yaron mai gyaran babur ne, ya dage cewa Kattappa ba shi da laifi, bara ba ya da zaɓi, rantsuwar kakanninsa ce ta ɗaure shi. Na kusa da shi, ɗan kabu-kabu, ya juyo ya dube shi ya ce: "Kai, in maigidanka yac ce ka kashe mutum, kashewa za ka yi?" Yaron ya yi shiru, ya sunkuyar da kai yana murza waya. Can ya ce shi dai ba zai yi ba, amma ya san abin da Kattappa ya ji.

Ka riƙe wannan amsa, Malam, zan dawo kanta. A ɓangaren kasuwa kuwa, kowa ya san abin da ya sayar da kashi na biyu na fim ɗin. Mai ba da umarnin fim ɗin, Rajamouli, ya rufe kashi na farko a 2015 da Kattappa yana faɗin cewa shi ya kashe Baahubali. Shekara biyu Indiya da duk inda ake kallon finafinanta suna tambaya ɗaya: me ya sa ya kashe shi? Da kashi na biyu ya fito a Afrilun 2017, ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya haura rufi biliyan 10. Fuskar akta Prabhas ce a fosta, ban musa ba. Amma tambayar da ta kai mutane layin tikiti a kan bara take. Waɗanda suka bi Ertugrul na Turkiyya su ma su faɗa maka ko za su iya kallonsa in an cire Bamsi mai takubba biyu da Turgut mai gatari.

Ba daga waje muka koyi wannan ba. Tun gasar rubutun da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai na farko a boko, marubutanmu sun san jarumi ba ya tafiya shi kaɗai. Ka tambayi duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja a makaranta abin da ya fi tunawa. Da wuya ya fara da ruwan da aka je nema. Malam Zurƙe ɗan Muhamman zai ambata, abokin tafiya kuma abokin gaba, wanda duk garin da jarumin littafin, Alhaji Imam, ya sauka sai sun haɗu, wannan ya yi wa wancan, wancan ya rama. Cire Zurƙe, sai littafin ya koma jerin sunayen garuruwa. Gandoki na Bello Kagara yana da ɗansa Garba Gagare a gefensa. Iliya Ɗan Maiƙarfi yana da Ƙwalele, dokin da sunansa ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa buɗe littafin ba. Magana Jari Ce kuwa, da aka fara bugawa a 1937, Abubakar Imam ya ɗauki littafi uku cur ya ɗora a kan wanda ba shi ne sarki ba, ba shi ne yarima ba. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, mugun waziri ya ƙulla makirci, aku ne ya tsare yarima Musa a gida da labari dare bayan dare har sarki ya dawo, daga ƙarshe aka naɗa shi waziri. Kusan shekara casa'in ke nan ana sake buga littafin ana sayarwa. Wane jarumi guda ne a adabinmu ya yi wannan kasuwa?

Je ka gidan dambe ka saurari yadda ake kiran 'yan wasa. Shagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, Bahagon wane. Autan Sikido, Garkuwan Cindo, Ali Ƙanin Bello. Ɗan dambe yana shiga fage ɗauke da sunan wanda ya rene shi, kuma kafin ranar da za a yi masa kiɗa shi ma ya yi shekaru yana ɗaukar kaya, yana ɗaure wa maigida hannu, yana watsa masa ruwa tsakanin turmi da turmi. 'Yan kallo sun san waɗannan yara tun ba su zama kowa ba, suna lura da su, suna cewa wancan zai yi abu. Ranar da yaron ya yi kisa na farko, murnar da ake yi ta fi ta babban da aka saba gani. Haka kiɗa. Musa Ɗanƙwairo, wanda ƙasar Hausa ba za ta manta da muryarsa ba, ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya ja nasa ayari. Kuma duk wanda ya san waƙar fada ya san in 'yan amshi ba su iya ba, komai zalaƙar uban kiɗi waƙa ba ta tashi.

Mu a Sakkwato ma ba mu da hujjar raina kujera ta biyu. Ba ina haɗa magabatanmu da labaran zane ba ne, Allah ya tsare, darajarsu ta wuce nan. Ina nuna maka yadda garin nan ya ɗauki matsayin na hannun dama ne. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya tsaya wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ke kai saƙo, shi ke karɓar baƙi, shi ke rubutu. Abubuwa da yawa da muka sani game da Shehu da jama'arsa ta alƙalaminsa suka iso mu, cikin littattafai irin su Raulul Jinan, kuma gidansa ya riƙe wazirci da ajiyar tarihi har zuwa kan Waziri Junaidu da ya rasu a 1997. Wanda ke tsaye a gefe shi ke gani, shi ke ba da labari. Har baƙin da suka zo garin nan haka ta kasance da su. Hugh Clapperton ya sauka hannun Giɗaɗo a 1824, ya sake dawowa, ya mutu a nan cikin Afrilun 1827 bai kai ga abin da ya fito nema ba. Baransa Richard Lander ne ya binne shi, ya kwashe takardunsa ya kai Ingila, sannan a 1830 shi da ƙanensa John suka bi Kwara har inda ta faɗa teku.

Yanzu ga hujjarka ta uku. Ka ce bai dace a nuna babba yana jan yaro zuwa fagen jini ba, kuma na san abin da ke ranka. Muna zaune a yankin da kullum labarai ke cewa yaran wane sun tare hanya, yaran wane sun shiga ƙauye. Mun san yadda lokacin zaɓe ake tara matasa a ba su ƙwaya da 'yan kuɗi su bi motar oga da makami. Mun san wanda ake kamawa da wanda ake binnewa, mun kuma san wanda ke kwana gidansa lafiya. Duk wanda ya ga wannan, in ya ji tsoron labarin da ke ƙawata bin maigida ido rufe, ba a ce ya yi laifi ba. A nan ina tare da kai.

Inda muka rabu shi ne magani. Kai ka ce a cire yaron daga labari. Ni na ce a lokacin ne ma aka fi bukatarsa. Ka dubi masu kallon nan da kake son a yi wa fim. Nawa ne a cikinsu akta? Kusan dukkansu yaran wani ne. Yaron shago a tsohuwar kasuwa, yaron mota a tasha, ɗan koyon ɗinki, mai taya majemi wanke fata, almajiri gaban malaminsa, ƙaramin ma'aikaci mai ɗaukar fayil, mai tuƙa babur ɗin da ba nasa ba yana kai balas da yamma. Tambayoyin da ke cin ransu ba irin na akta ba ne. Yaushe biyayya take zama wauta? In maigida ya karkace, a faɗa masa ko a yi shiru? In ya ce a yi abin da Allah ya hana fa? Shekara nawa mutum zai yi yana bauta kafin a sallame shi da jari? Akta ba ya iya ɗaukar waɗannan tambayoyi, don shi ba ya karɓar umarnin kowa. Yaronsa ne kawai zai iya. Shi ya sa saurayin nan mai baƙin mai a hannu ya ce ya san abin da Kattappa ya ji. Wani maraice a kan benci, fim ya sa shi ya auna iyakar biyayya da bakinsa, a gaban abokansa, ya kuma ce shi ba zai yi ba. Wace huɗuba kake nema wadda ta fi wannan shiga? In ka ba shi fim ɗin da babu kowa sai gwarzo guda mai dukan mutum hamsin, abin da zai koya shi ne duniya ta mai ƙarfi ce, saura kuwa 'yan kallo ne ko gawarwaki. Wannan darasin ai shi ne wanda masu daji suke koyarwa.

Labarin yaron jarumi yana kuma yi wa iyayen gida magana, abin da ba ka ambata ba ko sau ɗaya. Hausawa sun san yaro yana da hakki a kan maigidansa: ci da sha, sutura, koyarwa ta gaskiya ba ɓoye sirrin sana'a, aure in lokaci ya yi, sannan yaye. Maigidan kirki ana gane shi da yawan waɗanda ya yaye suka tsaya da ƙafarsu. Wannan al'ada tana lalacewa a gabanmu. Akwai mutanen da suka haura shekara arba'in ana ce musu yaron Alhaji, ba jari, ba ranar sallama. Su kansu marubutan Batman sun fuskanci wannan, shi ya sa a 1984 suka bar Dick Grayson, Robin na farko, ya cire rigar maigidansa ya zama Nightwing, daga baya ya koma wani gari yana cin gashin kansa, kuma masu karatu suka bi shi. Ina fim ɗin Hausa da ya nuna ranar yaye da irin nauyin da take da shi? Ranar da maigida zai kira yaronsa gaban shaidu, ya miƙa masa mabuɗin shago, ya sa masa albarka, zuciyarsa na son riƙe shi amma ya sake shi? Ga labari a ƙofar gidanmu wanda zai sa dattijo hawaye, kai kuma kana cewa a kori mai labarin.

Abin da ya kamata ka soka, kuma da ka soke shi da na sa hannu a ƙarƙashin rubutunka, shi ne yadda ake rubuta abokin akta a yawancin finafinanmu. Ba shi da uwa, ba shi da gida, ba shi da buri. Aikinsa ya raka akta zance, ya kai saƙo wajen budurwa, ya faɗi abin dariya, a mare shi a wuce. Ba ya taɓa cewa a'a, ba ya taɓa yin gaskiya a inda akta ya yi kuskure. Irin wannan kam ba ya sayar da komai, amma laifin na mai alƙalami ne. Duk lokacin da aka ba na gefe rai, masu kallo sun nuna abin da suke so. Marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ba shi da siffar da ake cewa ta akta, amma har ya rasu a Disambar 2014 sunansa kaɗai ya isa ya sayar da kaset, kuma shi kansa bai taɓa wasa shi kaɗai ba, kullum da ayarin abokan shirme da suke ba shi amsa. A Labarina na Aminu Saira, Baba Ɗan Audu ba shi ne jarumin shirin ba, amma Rabi'u Rikadawa ya riƙe shi da kyau har maganganunsa suka shiga bakin yara a titi. Wannan bai faru don an kashe kuɗi mai yawa ba. An dai zauna an rubuta mutum ne.

Batun kuɗin ma da ka kawo, lissafin ya juya. Zamanin fim ɗin awa biyu a faifai ya wuce, yanzu shiri mai dogon zango ake yi, a YouTube da tashoshi irin Arewa24, mako bayan mako, zango bayan zango. Mutum ɗaya ba ya iya ɗaukar awa hamsin. Ɗan wasa yakan yi rashin lafiya, yakan yi tafiya, yakan saɓa da mai shiri ya fita, kuma masu kallo sun sha ganin haka. Shirin da ya gina na gefensa yana ci gaba. Wanda ya ɗora komai a kan fuska ɗaya, ranar da fuskar ta tafi sai a rufe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a fagen labari ma haka abin yake.

Don haka ina kira ga marubutanmu, na fim da na littafi, musamman matasan da suka fara zana jaruman Hausa a kwamfuta da waya: kada ku bi wannan shawara. Ku ba jaruminku yaro ko ƙane ko ƙanwa ko almajiri, ku ba shi suna da gida da abin da yake tsoro. Ku bar shi ya yi gardama da maigidansa, wata rana ma ya fi shi gaskiya. Ku nuna umarnin da zai bi da wanda zai ƙi ko da za a kore shi. In labarin ya yi nisa, ku yaye shi. Kai kuma Malam, kafin ka sake rubutu a kan abin da mai kallo ke so, ka zo Ƙofar Rini ko kowace unguwa da ke kusa da kai, ka zauna da yaran nan ka tambaye su wa suke gani in suna kallo. Allah ya sa mu dace.